Sabuwa Mai Waina ta Bir Hamda

A shekarar 1981 aka tura Sista Rakiya aiki Bir Hamda. 'Yar Funtuwa ce, ta karanta aikin jinya a Zariya, ta samu kwantiragi da wani kamfanin haƙar mai a Saudiyya. Tun a cikin jirgi take zana Riyad a ranta, manyan asibitoci da tituna masu fitilu. Ko gama warware kayanta ba ta yi ba a birnin aka saka ta a mota aka nausa da ita sahara, aka yi ta tafiya har ta fara zargin direban ya ɓace hanya. Da la'asar suka tsaya gaban wani dogon akwatin ƙarfe mai na'urar sanyi. Aka ce mata nan ne asibitin, na kusa da shi kuma ɗakinta.

Ta shiga ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta. Tana cikin share hawaye ta ji sallama da Hausa ras.

"Salamu alaikum, masu gida. An ce an kawo mana Bahaushiya."

Wata tsohuwa ce gajera, baƙa, cikin baƙar abaya da ta koɗe, tana riƙe da kwano rufe da faifai. Ta buɗe, sai ga waina da zafinta, da miyar taushe da aka yi da kabewa. Rakiya ta dubi kwanon, ta dubi tsohuwar, kukan ya dawo sabo.

"Yi abinki, 'yar nan," in ji tsohuwar, ta nemi wuri ta zauna a ƙasa. "Ni ma da na zo na yi. In kin gama ki ci, kada ta huce. Sunana Sabuwa."

Daga ranar Rakiya ta yi uwa a Bir Hamda. In ta tashi daga aiki sai ta wuce rumfar Iya Sabuwa da ke bayan masallaci, ta zauna kan buhun shinkafa tana kallon yadda take juya waina a tanda, leburori na layi. A nan ta ji tarihin garin, guntu-guntu, tsakanin mai saye da mai saye.

Iya Sabuwa daga wani ƙauye ta fito a ƙasar Kazaure, tana amarya, ita da mijinta suka kama hanyar Makka a ƙafa. Sun yi shekaru a hanya, suna tsinkar auduga a Sudan suna tara guzuri, har suka ƙetare teku suka sauke farali. Bayan hajji mijin ya bi wasu fataken raƙuma neman aiki a gonakin dabino, zazzaɓi ya kwantar da shi a bakin rijiyar garin nan, wadda ita ce Bir Hamda, a nan aka binne shi. Garin a lokacin gidajen ƙasa ne 'yan ƙalilan, da dabinai, da awaki. Hamda, matar da ake kiran rijiyar da sunanta, ita ta dubi baƙuwar da ba ta da kowa ta ce mata ta zauna. Ta zauna. Ta koyi Larabcinsu, ta koyi tatsar raƙuma, ta zama ungozomar garin. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma duk wanda ya girma a Bir Hamda ita ta yanke masa cibi.

"To takardun zama fa, Iya?" Rakiya ta taɓa tambayarta.

Tsohuwar ta yi dariya. "Wa zai tambaye ni takarda a nan? Ɗan sandan da aka kawo mana, uwarsa a hannuna ta haife shi."

Mai kuwa, a cewarta, jiya-jiya ya zo. Wata shekara wasu mutane suka iso da motoci masu girgiza ƙasa, awaki suka watse, mata suka ɗauka tashin duniya ne. Suka tafi, suka dawo da wani dogon ƙarfe suka kafa a gabas da gari. Ba a jima ba aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka riƙa sauke gidajen ƙarfe kamar ana sauke akwatunan ashana. Yamanawa suka buɗe kantuna, 'yan Pakistan suka buɗe wurin aski da ɗinki, Sudanawa na gyaran mota, Hausawa na tuƙi da walda. Aka kawo banki a cikin akwati, aka kawo gidan mai, har da shagon haya na kaset ɗin bidiyo. Wutar da kamfani ke ƙona iskar gas da ita ba ta mutuwa, har zakaru suka rikice suna cara ba lokaci ba. 'Ya'yan gari suka sayar da awakinsu suka sayi motoci, suka ba da filayensu haya, suka rushe ɗakunan ƙasa suka ɗora bulo. Tunda tankar ruwa na zuwa ƙofar kowa, aka rufe bakin rijiyar da faifan ƙarfe, aka manta da ita.

Ita kuwa Iya Sabuwa, da ta ji Hausa a bakin direbobi bayan shekaru masu yawa, sai ta sa wani mai walda ya ƙera mata tanda, ta tuno da hannunta na waina.

Rakiya ta yi shekara biyar a garin. Da ta kwanta ciwon shawara, Iya ce ta kwana da ita tana ba ta jiƙo. Da matan gari suka ƙi zuwa awo, Iya ce ta bi su gida-gida tana cewa wannan 'yata ce, ku saki jiki da ita. Da Rakiya ta je hutu gida aka ɗaura mata aure da Injiniya Abdulganiyu, wanda ke aiki a wata masana'antar bututu a Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad, Iya ce ta haɗa mata turaren wuta da humra, ta zaunar da ita ta yi mata faɗan da uwa ke yi.

Sai 1986 ta zo, farashin mai ya faɗi warwas. Aka fara jin cewa rijiyoyin man Bir Hamda dama ba su da wani mai na a zo a gani, wahalar haƙo shi ta fi amfaninsa. Wata safiya aka tashi aka ga wutar nan ta mutu. Motocin da suka kawo gidajen ƙarfe suka dawo suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bar shatinsa a ƙasa. Banki ya hau mota ya tafi. Masu aski suka tafi, masu kanti suka kulle. Samarin gari, waɗanda yanzu ba awaki ba haya, suka bi kwalta zuwa birni neman aikin gadi da tuƙi. Tankar ruwa ta daina zuwa, tsofaffi suka taru suka ɗage faifan da ke bakin rijiya, suka tarar rabinta yashi ne.

Asibitin na cikin na ƙarshe da aka ɗaga. Rakiya ta samu aiki a wani asibitin kuɗi a unguwar Al-Murabba a Riyad, za ta koma wurin mijinta a unguwar Al-Suwaidi. Ranar tafiya ta riƙe hannun tsohuwar a gaban rumfar da babu sauran mai saye.

"Iya, ki taho mu tafi."

"In tafi in bar malam shi kaɗai a maƙabarta? Je ki, Allah ya yi miki albarka."

"To gidana gidanki ne, Iya. Duk ranar da kika ga dama, ki zo kawai. Wallahi ko sallama ba sai kin yi ba."

Rayuwar Riyad daban ce. Gidan da suke zaune bene ne mai hawa uku, maƙwabta likitoci da injiniyoyi, matansu na haɗuwa ran Alhamis ana shan shayi ana hirar gwal da labule. Shugabar wannan zama ita ce Hajiya Turai, matar wani babban likita, mace mai kirki in ta so, mai kaifin harshe in ta ga dama. Abin da ta fi tsana shi ne 'yan takari, wato Hausawan da ke zaune a ƙasar babu igama, takardar izinin zama. Ta ce su suke zubar wa 'yan Najeriya mutunci, su ke sa Balarabe ya dubi likita kamar mabaraci. Rakiya takan yi shiru in ana wannan hira, daga baya ta fara gyaɗa kai, don tana son a daina yi mata kallon wadda ta fito daga ƙauye. Ba ta taɓa ambaton Iya Sabuwa a wurin ba. Shi ma Abdulganiyu yakan ja mata kunne cewa bincike ya yi tsanani tun da aiki ya ragu, duk wanda aka samu da marar takarda a gidansa, shi da iyalinsa sai jirgi.

Shekara na zagayowa ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Jabiru. Mahaifiyarta ba ta samu biza ba, don haka ranar suna matan bene ne suka cika falo, an sha ado, ƙamshin turare da na soyayyen rago sun gauraye. Bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya Turai ce ta fi kusa, ta buɗe.

Daga inda take zaune da jariri a cinya, Rakiya ta hango ta. Abayar nan ce dai da ta koɗe, ƙura har gwiwa, ƙunshin kaya a ka, wata tsohuwar tukunya a hannu. Iya ta ƙara tsufa, ta rame, amma fuskarta cike da fara'a, tana leƙen falon tana neman 'yarta.

"Barkanku da arziki," in ji ta. "Nan ne gidan Rakiya?"

Hajiya Turai ta dube ta sama da ƙasa, ta juyo.

"Sista, kin san wannan? Ko ƙamshi ta biyo?"

Wata ta yi 'yar dariya. Rakiya ta ji idanun matan duka a kanta. Ta ji zuciyarta na cewa ta miƙe ta rungume ta, amma ba ta miƙe ba. Ta tuna maganar mijinta, ta riƙe ta da ƙarfi, domin ita ce hujjar da ta fi sauƙin riƙewa. Sai ta ji bakinta yana magana.

"Wata ce da take sayar mana da waina a can inda na yi aiki. A zuba mata abinci."

Iya Sabuwa ta ji. Fara'ar ba ta gushe nan take ba, a hankali ta riƙa janyewa. Ta dubi Rakiya, ta dubi jaririn, ta ɗan karkata kai don ta ga fuskarsa.

"Allah ya raya," ta ce. "Allah ya ba uwa lafiya."

Aka ƙulla mata shinkafa da nama a leda. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, Hajiya Turai ta mayar da ƙofa. Hira ta ci gaba. Rakiya ta yi ta murmushi ana yi mata barka, bakinta kamar ta tauna maɗaci. Ta gaya wa kanta cewa da baƙi sun watse za ta aika a nemo ta. Da suka watse ta leƙa ta taga, titin babu kowa sai motoci. Ta sake gaya wa kanta cewa wanda ya kawo ta ai shi zai mayar da ita. Ba ta faɗa wa mijinta ba.

Ana nan, kafin ta yi arba'in, wata Juma'a da hantsi sai ga Jibrin. Direban tanka ne ɗan Gumel, sun saba tun a Bir Hamda, yanzu yana jigilar tsofaffin ƙarafan garin zuwa wurin narkarwa a Birnin Masana'antu. Ya shigo da kwalin dabino, ya gaisa da maigida, ya yi wa Rakiya barka daga bakin ƙofar falo.

"Ga wannan, mutanen gari suka ce a kawo wa Iya. Suna ta tambaya yaushe za ta dawo. Na ce musu sai ta gama yi wa Sista wankan jego. Tana ciki ne?"

Rakiya ta sunkuyar da kai.

"Wace Iya?" in ji Abdulganiyu.

"Iya Sabuwa mana, Injiniya. Ni na sauke ta a ƙofar benen nan ranar suna. Tun da na gaya mata Sista ta haihu kuma mahaifiyarta ba ta samu zuwa ba, ta hana ni sakat. Ta ce 'yarta ba za ta yi jego babu uwa ba. Har kanwa da kayan yaji ta ƙullo, da tukunyar dafa ruwa." Ya tsaya, ya dubi fuskokinsu. "Ba ta shigo ba ne?"

Rakiya ta faɗi abin da ya faru, kanta a ƙasa, ba ta rage komai ba. Jibrin ya ajiye kwalin a hankali, ya dubi bango. Abdulganiyu ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Ni na ce miki a yi hankali," ya ce daga ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma da kin gaya mini ita ce, ai da mun san yadda muka yi."

Suka shiga nema. Jibrin ya bi tashoshin mota da unguwannin da Hausawa ke zama, Abdulganiyu ya bi asibitoci, Rakiya ta tambayi duk wata ma'aikaciyar jinya da ta sani. Tsohuwar ba ta taɓa shiga Riyad ba sai ranar, ba ta san kowa ba, ba ta san ko sunan unguwar da aka sauke ta ba. A ƙarshe wani mai shayi ya gaya wa Jibrin cewa ya ga masu binciken takardu sun ɗauki wata tsohuwa mai tukunya a bakin titi, ta zauna tana tambayar mutane motar Bir Hamda. A tarhil suka same ta, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Aka bar Rakiya ta shiga ɓangaren mata. Babban ɗaki ne cike da mata da yara da ƙunshin kaya. Ta hango Iya a jikin bango tana tsefe wa wata yarinya kai. Rakiya ta durƙusa a gabanta, maganar da ta shirya tun daga gida ta gudu.

"Iya..."

"A'a, Rakiya ce? Ke da ɗanyen jiki kika fito cikin wannan rana? Wa ya bar ki?" Ta kama hannunta ta juya shi, ta duba idonta. "Ba kya shan kunun kanwa. Ga shi nan a fuskarki. Wa ke yi miki wanka?"

"Iya, ki yafe mini. Abin da na yi..."

"Ina yaron? Yana kama nono sosai?"

"Yana kamawa."

"To alhamdu lillahi." Ta ci gaba da tsifar. "Na ji zafi, 'yar nan, ba zan ɓoye miki ba. Da na sauko daga benen nan sai da na zauna a matakala. Amma ya wuce. Ki bar durƙuson nan, mutane na kallo."

Abdulganiyu ya yi iya ƙoƙarinsa. Wani jikan Hamda ma ya zo da tsohuwar motarsa, ya yi ta rantsuwa cewa wannan matar ita ta karɓi haihuwarsa, ta girmi kwaltar garinsu. Aka saurare shi da ladabi, aka ce masa babu wata takarda da ta nuna ta taɓa shigowa ƙasar, kuma an riga an sa sunanta a jirgin Kano.

Ranar da Rakiya ta koma yi mata sallama, tsohuwar ta jawo ta kusa, ta yi ƙasa da murya kamar mai jin nauyin tambayar.

"Rakiya, Kano ɗin nan, yaya take yanzu? In na sauka, ina ake bi a je Kazaure? Ban san ko akwai wanda ya rage ba."

A nan ne Rakiya ta kasa riƙe kanta. Da ta natsu ta ce mata ba Kazaure za ta ba, Funtuwa za ta, gidan su Rakiya. A ranar ta buga waya gida, ta sa yayanta Basiru ya je filin jirgi ya jira. Ta ce masa wata tsohuwa ce da ta riƙe ta a ƙasar mutane, a riƙe ta kamar Inna. Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Bir Hamda ba ta daɗe ba bayan haka. Jibrin ya kwashe ƙarfen ƙarshe, ya ce gida uku ne suka rage da hayaƙi, yashi ya fara cinye kwalta. Rakiya kuwa ta daina hawa zaman Alhamis. Hajiya Turai ta tambaye ta dalili a matakala, ta ce aiki ne ya yi mata yawa.

Sai da damina ta 1989 ta iya zuwa hutu gida. Ta tarar da Iya Sabuwa a ɗakin da ke kusa da na mahaifiyarta, ta yi 'yar ƙiba, tana yi wa awakin gidan faɗa da Larabci, yara na dariya. Matan unguwa sun gano hannunta, ko'ina naƙuda ta tashi ita ake kira. Ta ɗauki Jabiru ta ɗora a cinya, ta yi ta shafa kansa tana yi masa wasa.

Da yamma maƙwabta suka cika tsakar gida yi wa Rakiya sannu da zuwa. Mahaifiyarta, Inna Delu, tana raba tsaraba tana ba da labari da alfahari.

"Ku dai ku bar Rakiya da zumunci. Baiwar Allahn nan ba danginmu ba ce, ba komai ba, amma da aka kama ta, yarinyar nan da ɗanyen jego ta bi gari tana nemanta har ta gano ta. Wa zai yi wannan a zamanin nan? Ko ba haka aka yi ba, Yaya Sabuwa?"

Rakiya ta ɗago kai da sauri. Ashe tsohuwar ba ta gaya wa kowa abin da ya faru ranar suna ba.

"Haka aka yi," in ji Iya Sabuwa, ba ta ko dubi inda take ba, tana ɓare wa Jabiru gyaɗa. "Ta neme ni ƙwarai."

Mata suka ɗauki sa albarka, wannan ta ce Allah ya ba mu irinta, waccan ta ce Allah ya saka mata da aljanna. Rakiya ta zauna a tsakiyarsu tana amsawa da amin da ƙyar, gumi na bin bayanta duk da sanyin hadarin da ya haɗo. Da yayyafi ya fara sauka aka shiga tattara tabarmi, ta miƙe ta ce bari ta kwashe shanya, ta zagaya bayan ɗaki, ta daɗe a can ba ta fito ba.